BABI NA UKU: YAƘIN SHEKARA ƊARI TSAKANIN INGILA DA FARANSA (1337–1453)

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin doguwar gwagwarmayar da aka yi tsakanin gidan sarautar Ingila da na Faransa, wadda aka fi sani da Yaƙin Shekara Ɗari. Ya kamata a lura tun farko cewa marubutan ƙarni na 19 ne suka raɗa wa rikicin wannan suna, waɗanda suka gwabza shi ba su san shi da haka ba. Haka kuma idan aka ƙirga daga 1337 zuwa 1453, shekara 116 za a samu, kuma a cikinsu akwai shekaru masu yawa da aka yi zaman sulhu. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: yaya aka yi ƙasar da ta yi nasara a manyan fagagen fama guda uku, ta kama sarkin abokan gabarta da hannu, har aka naɗa sarkinta a birnin Faris, ta wayi gari ba ta da komai a Faransa sai gari ɗaya tak?

3.1 Tushen Rikicin

Ruwa ba ya tsami banza. Asalin wannan rikici yana komawa ne zuwa 1066, lokacin da William mai mulkin Normandi ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Tun daga sannan sarkin Ingila ya zama mutum mai fuska biyu: a tsibirinsa sarki ne mai cikakken iko, amma a ƙasashen da yake riƙe da su cikin Faransa matsayinsa bai wuce na babban hakimi ba, wanda dole ya yi wa sarkin Faransa caffa. Abin ya ƙara cakuɗewa a 1152 da Henry na II ya auri Eleanor, magajiyar ƙasar Aquitaine, domin da ya hau gadon Ingila a 1154 ƙasar da yake mulki a Faransa ta fi wadda sarkin Faransa kansa yake juyawa girma. Sarakunan Faransa suka yi ta zaftare wannan mallaka, Normandi ta kuɓuce a 1204, har aka zo yarjejeniyar Faris ta 1259 wadda ta bar wa Henry na III yankin Gaskoni a kudu maso yamma, bisa sharaɗin caffa.

A nan ne gizo yake saƙa. Tun da yake Gaskoni tana ƙarƙashin Faransa a shari'ance, duk wanda hukuncin wakilan sarkin Ingila bai yi masa daɗi ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Faris, kuma sarkin Faransa yana da ikon ƙwace ƙasar idan ya ga hakiminsa ya yi taurin kai. An yi irin wannan ƙwace a 1294 da kuma 1324. Ita kuwa Gaskoni ba abar saki ba ce, saboda kuɗin fiton giyar inabi da ake lodi a tashar Bordeaux babbar hanyar shigar kuɗi ce ga baitulmalin Ingila.

Ana cikin haka sai maganar gado ta taso. A 1328 Charles na IV ya rasu bai bar ɗa namiji ba, kuma shi ne na ƙarshe cikin 'ya'yan Philip na IV maza uku da suka yi sarauta bi da bi. Wanda ya fi kusa da mamacin ta jini shi ne Edward na III na Ingila, domin mahaifiyarsa Isabella 'yar'uwar Charles ce uwa ɗaya uba ɗaya. Amma Edward ɗan mace ne. Manyan Faransa suka ce tun da mace ba ta hawa gadon sarauta, kamar yadda aka zartar a 1316 aka hana 'yar Louis na X, to ba ta da abin da za ta miƙa wa ɗanta. Saboda haka suka naɗa Philip na gidan Valois, ɗan baffan mamacin, ya zama Philip na VI. Abin lura shi ne Edward, wanda yake ɗan shekara 15 a lokacin, ya haƙura, har ya je Amiens a 1329 ya yi caffa. Wannan ya nuna cewa da'awar sarauta makami ce da aka ajiye, sai da rana ta ɓaci aka ɗauko ta.

Ranar kuwa ta ɓaci ta fuskoki da yawa. Faransa tana ƙawance da Sikotilan tun 1295, kuma ta ba sarkinta David na II mafaka a daidai lokacin da Edward yake yaƙar ƙasarsa. Shi ma Edward ya karɓi Robert na Artois, wanda Philip yake nema ruwa a jallo. A watan Mayu na 1337 Philip ya shelanta ƙwace Gaskoni. Biranen masaƙa na Flanders, waɗanda abincinsu ya dogara da ulun tumakin Ingila, suka karkata ga Edward bayan ya hana fitar da ulun, kuma a birninsu na Ghent ne ya kira kansa Sarkin Faransa a watan Janairu na 1340. Hikimar yin haka a fili take. Idan shi ne sarkin Faransa na halal, to duk Bafaranshen da ya bi shi ba a kira shi maci amana ba.

3.2 Zamanin Nasarorin Edward na III

Faransa ta ninka Ingila yawan jama'a kamar sau uku ko fiye, don haka babu mai tsammanin abin da ya biyo baya. Shekarun farko ma ba su yi wa Edward kyau ba. Ya kashe dukiya mai yawa wajen sayen ƙawancen sarakunan Jamus, ya ci bashi har ya jinginar da kambinsa, kuma gazawarsa wajen biya tana cikin abubuwan da suka durƙusar da bankunan Bardi da Peruzzi na birnin Florence. Abin da ya samu kawai shi ne nasarar yaƙin jiragen ruwa a Sluys a 1340.

Daga nan sai ya sauya dabara, ya koma ga hari. Rundunar mahaya takan ratsa ƙasar Faransa tana ƙona ƙauyuka da rumbuna, tana kora dabbobi, domin a nuna wa talakawa cewa sarkinsu ba ya iya kare su, a kuma tsokano shi ya fito fage. A irin wannan hari ne aka haɗu a Crécy ranar 26 ga Agusta, 1346. Edward ya sa baradensa suka sauka daga dawaki suka tsaya a kan tudu, ya jera 'yan baka tare da su. Makaminsu dogon baka ne da ya kai tsayin mutum, wanda gwani yake sakin kibiya da shi sau da yawa kafin mai baka mai kunama ya ɗana sau ɗaya. Sojojin haya na Genoa da Faransa ta sa a gaba sun iso a gajiye, garkuwoyinsu kuma suna can baya cikin kaya. Da ruwan kibau ya sauko musu suka juya, sai baraden Faransa suka ɗauka tsoro ne, suka bi ta kansu da dawaki. Haka suka yi ta kai sukuwa suna faɗuwa har dare ya yi. Cikin waɗanda suka mutu har da John sarkin Bohemiya, wanda makaho ne amma ya sa aka kai shi cikin fama. Bayan shekara guda, a Agustan 1347, garin Calais ya miƙa wuya bayan ƙawanyar kusan wata 11, ya zama ƙofar Ingila ta shiga Faransa.

Annobar da ta shiga ƙasashen biyu a 1348, wadda ta kashe wajen sulusin mutanen Turai ko fiye, ta dakatar da yaƙin na ɗan lokaci. Da aka dawo, babban ɗan Edward da ake yi wa laƙabi da Baƙin Yarima ya fatattaki Faransawa a Poitiers ranar 19 ga Satumba, 1356, ya kama sarki John na II ya kai shi Landan. Faransa ta shiga ruɗani. Sojojin da suka rasa albashi suka zama 'yan fashi suna cin garuruwa, mutanen Faris suka yi bore ƙarƙashin Étienne Marcel, manoma kuma suka tashi a 1358 suka far wa masu sarauta, aka murƙushe su da kisa mai muni. A yarjejeniyar Brétigny ta 1360 aka yanka wa sarki John fansar tsabar zinariya miliyan 3, aka kuma ba Edward Aquitaine mai faɗi ba tare da caffa ba, shi kuma zai janye da'awar sarautar Faransa. Sai dai ba a taɓa kammala musayar takardun janyewar ba, kowane ɓangare ya bar wa kansa ƙofa. Shi kuwa John, da ɗansa da aka bari jingina ya gudu, sai ya koma Landan da ƙafarsa don cika alkawari, can ya rasu a 1364.

3.3 Fansar da ta Zama Makami

Wannan gaɓa ita ce ta fi muhimmanci ga tambayar babin, ko da yake ba ta da armashin labarin fagen fama. Kafin kama John, sarkin Faransa ba ya samun haraji a kai a kai, sai ya roƙi majalisun larduna, su kuma su ba shi abin da suka ga dama. Amma fansar sarki wajibi ce da babu mai musu a kanta bisa al'adar lokacin. Don haka a ƙarshen 1360 aka ɗora haraji kan kayan kasuwa da giya da gishiri, a 1363 aka ƙara da harajin gida-gida. A wannan shekara ta 1360 ne ma aka fara buga kuɗin da ake kira faran. Ba a taɓa gama biyan fansar ba, amma harajin ya zauna, kuma Charles na V, wanda ya gaji John, da shi ya riƙa biyan sojoji albashi a kan kari. Wato nasarar Poitiers ita ce ta tilasta wa Faransa gina baitulmalin da aka yaƙi Ingila da shi.

Charles mutum ne mai rauni a jiki, ba ya fita yaƙi, amma yana da dabara. Baƙin Yarima ya ci bashi a yaƙin da ya kai ƙasar Sifen a 1367, ya dawo ya ɗora wa mutanen Aquitaine haraji, sai manyansu irin su mai Armagnac suka kai ƙara Faris. Charles ya karɓi ƙarar, yaƙi ya dawo a 1369. Sarkin yaƙinsa Bertrand du Guesclin ya ƙi yarda a haɗu a fili inda 'yan baka za su yi aiki, sai dai ya riƙa cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. A 1373 John na Gaunt ya ratsa Faransa tun daga Calais har Bordeaux bai sami wanda ya tare shi ba, ya isa da sojoji cikin yunwa, yawancin dawakinsa sun mutu. Kafin rasuwar Edward a 1377 kusan duk abin da aka samu a Brétigny ya tafi.

A Ingila kuwa nauyin yaƙi ya koma kan talaka. Harajin kai da aka ɗora sau uku tsakanin 1377 da 1380 shi ya haddasa boren manoma na 1381, inda suka shiga Landan suka fille kan babban limamin Canterbury da ma'ajin ƙasa. Richard na II ya gwammace zaman lafiya, ya ƙulla sulhun shekara 28 a 1396, amma aka tumɓuke shi a 1399.

3.4 Henry na V da Tsagewar Bangon Faransa

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Charles na VI ya kamu da taɓin hankali a 1392, danginsa suka shiga kokawar riƙon ƙasa. A 1407 John mai mulkin Burgundi ya sa aka kashe ƙanen sarki, Louis na Orléans, a kan titin Faris, ƙasa ta rabu gida biyu: 'yan Burgundi da 'yan Armagnac. Cikin wannan hali Henry na V ya sauka Normandi a 1415. Ya ci Harfleur, amma atuni ya kashe masa mutane da yawa, yana kan hanyar Calais aka tare shi a Agincourt ranar 25 ga Oktoba. Filin ƙunci ne tsakanin dazuzzuka biyu, gona ce da aka nome, ga ruwan sama ya jiƙa ta. Baraden Faransa suka taho a ƙasa cikin nauyin sulke suna nutsewa a taɓo, suka cunkushe har wasu ba su iya ɗaga makami ba. A nan ne kuma Henry ya ba da umarnin kashe fursunoni don tsoron sabon farmaki, abin da ya zama tabo a tarihinsa.

Duk da shaharar Agincourt, ba ita ta ba Henry Faransa ba. Ya dawo a 1417 ya ci Normandi gari-gari ta hanyar ƙawanya, Rouen ta faɗi a farkon 1419. Abin da ya buɗe masa ƙofar Faris shi ne kisan John na Burgundi a kan gadar Montereau a Satumban 1419, a gaban Yarima Charles mai jiran gado, lokacin da aka haɗu don sasantawa. Ɗan mamacin, Philip, ya koma wajen Ingila don ɗaukar fansa. Sakamakon haka aka yi yarjejeniyar Troyes a 1420, wadda ta cire Yarima daga gado, ta ba Henry auren Catherine 'yar sarki, ta kuma mai da shi magaji. Ajali ya riga shi, domin ya rasu a Agustan 1422, surukin nasa ya bi shi a Oktoba, sarautu biyu suka faɗa kan jaririn da bai cika shekara guda ba, Henry na VI.

3.5 Jeanne d'Arc da Abin da ya Biyo Baya

A Oktoban 1428 rundunar Ingila ta yi wa Orléans ƙawanya, garin da yake tsare da mashigar kogin Loire zuwa ƙasar Yarima. A wannan lokaci ne wata budurwa 'yar manoma daga ƙauyen Domrémy, mai kimanin shekara 17, ta iso fadar Yarima a Chinon tana cewa muryoyin waliyyai sun umarce ta ta ceci garin, ta kuma kai shi a naɗa shi. Bayan malaman coci sun yi mata tambayoyi aka ba ta sulke da tuta. Ta shiga Orléans a ƙarshen Afrilu, ranar 8 ga Mayu, 1429, masu ƙawanya suka janye. A watan Yuni aka ci su a Patay kafin 'yan bakansu su gama kafa turakunsu, kuma ranar 17 ga Yuli aka naɗa Charles na VII a Reims, inda al'ada ta ce a nan ake shafa wa sarakunan Faransa mai. Wannan naɗi ya rusa hujjar Troyes a idon jama'a, shi ya sa naɗin da aka yi wa Henry na VI a Faris a 1431 bai yi tasiri ba.

Ƙarshenta ya zo da sauri. Farmakinta a kan Faris bai yi nasara ba, 'yan Burgundi suka kama ta a Compiègne a Mayun 1430, suka sayar da ita ga Turawan Ingila. Kotun coci ƙarƙashin Pierre Cauchon ta same ta da laifin bidi'a, har da laifin sa tufafin maza, aka ƙone ta a kasuwar Rouen ranar 30 ga Mayu, 1431. Babu wata shaida da ta nuna cewa sarkin da ta naɗa ya yi wani yunƙurin kirki na fansar ta. An soke hukuncin a 1456, cocin Katolika kuma ya sa ta cikin waliyyai a 1920.

Akwai masu ganin cewa ita ce ta kori Ingila daga Faransa. Wannan ra'ayi yana buƙatar gyara, domin bayan mutuwarta an ƙara shekara 22 ana yaƙi, Faris da Normandi suna hannun Ingila. Abin da ta yi shi ne ta dawo da ƙarfin zuciya ta kuma tabbatar da halaccin sarki, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Amma abin da ya karya ƙashin bayan Ingila shi ne sulhun Arras na 1435, inda Philip na Burgundi ya shirya da Charles na VII. Tun da ƙawancen Burgundi ne ya ba su Faris, janyewarsa ce ta karɓe ta a 1436.

Sai kuma maganar kuɗi ta sake dawowa. Charles ya mai da haraji abin karɓa kowace shekara ba tare da jiran majalisa ba, ya yi amfani da sulhun Tours na 1444 ya kafa tsayayyar rundunar barade mai albashi a 1445, ya ƙara da 'yan baka na gundumomi a 1448. Wasu 'yan'uwa biyu, Jean da Gaspard Bureau, suka tsara masa rundunar igwa wadda take rusa ganuwar da a da sai an yi watanni ana zaune a bakinta. A ɗaya ɓangaren, majalisar Ingila ta gaji da ba da kuɗi, tana ganin ya kamata Normandi ta ciyar da masu tsaronta, mutanen Normandi kuma sun talauce. Da wani kwamandan haya na Ingila ya washe garin Fougères a 1449, sai Charles ya sami hujja. Rouen ta buɗe ƙofa a shekarar, aka ci rundunar agaji a Formigny a Afrilun 1450, Cherbourg ta faɗi a Agusta. Ƙasar da Henry na V ya yi shekaru yana ci ta tafi cikin shekara guda.

Gaskoni ta bambanta, saboda ta yi shekara 300 tare da sarautar Ingila kuma kasuwar giyarta tana can. Bayan an ci Bordeaux a 1451 mutanenta da kansu suka kira Turawan Ingila, tsohon jarumi John Talbot ya dawo a 1452. Ranar 17 ga Yuli, 1453, ya afka wa sansanin Faransa a Castillon bisa labarin cewa suna gudu, ashe igwogin Jean Bureau suna jere a bayan ramuka. Aka kashe shi tare da ɗansa, Bordeaux ta miƙa wuya a Oktoba.

3.6 Bayan Castillon

Ba a rubuta wata yarjejeniyar ƙare yaƙi a 1453 ba, kuma mutanen lokacin ba su san ya ƙare ba. A Ingila fushin asarar ya koma cikin gida. Tun 1450 aka kashe William de la Pole mai Suffolk, wanda aka ɗora wa laifin faɗuwar Normandi, Jack Cade ya jagoranci bore, Henry na VI ya sami taɓin hankali a 1453, kuma a 1455 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidan Lancaster da na York.

Wani sakamako da ya shafi masu nazarin harshe shi ne ɗaukakar Ingilishi. A farkon yaƙin Faransanci ne harshen fada da na shari'a a Ingila. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, kuma daga 1417 Henry na V ya riƙa aika wasiƙunsa daga fagen fama cikin Ingilishi, domin mutanen Landan da suke ba shi rance su ji labarin nasara da harshensu. Yaƙin ba shi kaɗai ya kawo wannan sauyi ba, amma ya gaggauta shi.

Edward na IV ya sake ƙetarawa da runduna a 1475, sai Louis na XI ya sallame shi da kuɗi a Picquigny ba tare da an zare takobi ba. Calais ta ci gaba da zama a hannun Ingila har 1558, lokacin da Faransa ta karɓe ta a zamanin Sarauniya Mary. Laƙabin Sarkin Faransa kuwa, wanda Edward na III ya ɗauka a Ghent, sarakunan Ingila sun ci gaba da rubuta shi cikin sunayensu har 1801, a zamanin George na III, lokacin da ita Faransar ma ta riga ta kawar da sarautarta.